Rigimar Kuɗin Haya Tsakanin 'Yan'uwan Rantsuwa

 

Ya ku 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako za mu leƙa ƙasar Amurka, mu duba wata rigima da ta daɗe tana cin waɗansu ƙungiyoyi a can. Rigimar kuwa ita ce ta kuɗin hayar zauren taro, tsakanin ƙungiyoyin da suke kiran kansu na 'yan'uwantaka da rassan da ke raɓe da su, waɗanda suke zama tare da su a gida guda. Mutane ne da suka yi wa juna rantsuwa cewa su 'yan'uwa ne har kabari, amma ran da aka zo kan wanda zai biya kuɗin wuta da gyaran rufi, sai ga miji a wannan gefen tebur, matarsa a wancan gefen, kowa riƙe da littafin lissafin ƙungiyarsa.

Kafin mu shiga, wajibi ne mu share hanya. Babbar waɗannan ƙungiyoyi ita ce wadda Larabawa ke kira Masoniyya, kuma hukuncin malamai a kanta sananne ne. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami, a zamanta na farko a Makka cikin shekarar 1398 ta Hijira, daidai da 1978, ta yi hani mai tsanani ga Musulmi ya shige ta. Ma'aikatan gwamnati kuma sun san cewa sashe na 38 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999, wanda ya ba da 'yancin addini, ya ware ƙungiyoyin asiri daga wannan 'yanci. Saboda haka ba mu kawo labarinsu don a yi sha'awarsu ba. Mun kawo shi ne domin cutar da ta kama su tana kama duk jama'ar da ta haɗa kai a kan gini guda, kuma Bahaushe ya ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

ASALIN ZAMAN TARE

Bisa ga tarihin da su da kansu suke bayarwa, ranar 24 ga watan Yuni na 1717 majalisu huɗu na Masoniyya suka taru a wata mashaya a birnin Landan suka kafa babbar majalisarsu ta farko. A wannan zamani ba su da gidan kansu. Ɗaki suke kamawa a saman mashaya, har ma kowace majalisa da sunan mashayar da take zama ake saninta. Sai a 1776 suka buɗe zaurensu na farko a Landan. Haka nan wata ƙungiyar mai suna Odd Fellows, wadda ta shahara da gai da marasa lafiya da binne matattu da kula da marayun membobinta, a wata mashaya ta birnin Baltimore aka kafa majalisarta ta Amurka ranar 26 ga Afrilu 1819, a ƙarƙashin wani Bature ɗan Ingila mai suna Thomas Wildey. Watau dai dukansu 'yan haya ne tun asali, sun san zafin mai gida kafin su zama masu gida.

Da suka yi ƙarfi sai suka fara haihuwa. Tun da yake majalisun na maza ne zalla, sai aka ƙago wa mata nasu rassan. A 1850 wani malamin makaranta mai suna Rob Morris ya tsara ƙungiyar Tauraruwar Gabas domin matan 'yan Masoniyya da 'ya'yansu mata da 'yan'uwansu mata, aka kuma kafa babbar majalisarta a 1876. A 1851 Odd Fellows suka buɗe wa mata reshen da suka sa wa sunan Rifkatu, matar Annabi Is'haƙu, wanda ya tsara shi kuwa shi ne Schuyler Colfax, mutumin da daga baya ya zama Mataimakin Shugaban Amurka. A 1872 aka buɗe gidan farko na ƙungiyar Shriners a birnin Niyu Yok, masu sanya jar dara suna raɗa wa gidajensu sunayen Makka da Madina, alhali kuwa babu abin da ya haɗa su da Musulunci. Daga nan sai rassan matasa suka biyo baya: DeMolay na samari a 1919, 'Ya'yan Ayuba na 'yammata a 1920, da Bakan Gizo, shi ma na 'yammata, a 1922.

Abin lura a nan shi ne, kowane ɗaya daga cikin waɗannan rassa yana da shugabanninsa da ma'ajinsa da asusunsa, amma rayuwarsa a rataye take da uwar ƙungiya. Alal misali, reshen Tauraruwar Gabas ba ya cika sai da namiji ɗan Masoniyya a cikin shugabanninsa. Ga shi ɗa ne ta fuskar nasaba, ga shi kuma baƙo ne ta fuskar aljihu. Wannan fuska biyu ita ce tushen rigimar duka.

GIDAN DA YA FI ƘARFIN MASU SHI

A ƙananan garuruwan Amurka, yadda aka saba shi ne majalisa ta gina bene a bakin babban titin kasuwa. Ƙasa a yi kantuna a ba 'yan kasuwa haya, sama kuwa a yi zauren taro da ɗakin cin abinci da madafa. Hayar kantunan ita ke ɗauke da nauyin ginin. A manyan birane kuwa, sai majalisu da yawa su haɗu su kafa wani kamfani dabam wanda takardar mallakar ginin ke hannunsa, da kwamitin amintattu masu kula da shi, kowace majalisa da kowane reshe suna biyan wannan kamfani haya. A lokacin da jama'a ke da yawa, ba wanda ya damu da abin da reshen mata ko na yara ke biya. Waɗansu an yanka musu ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, waɗansu kuwa an ce su zauna kyauta, ai gida na kowa ne. Sau da yawa ba a rubuta kome ba, in kuwa an rubuta, layi biyu ne a littafin taro wanda ya yi shekara hamsin a cikin akwati.

Sai zamani ya juya. A shekarar 1959 'yan Masoniyya a Amurka sun haura mutum miliyan 4, wanda shi ne adadi mafi yawa da suka taɓa kaiwa. Daga nan suka yi ta raguwa kowace shekara, har a 2020 suka koma ƙasa da miliyan 1. Tsofaffi suna mutuwa, samari ba sa shiga. Rassan da ke jiran uwar ƙungiya ta kawo musu mutane sun fi ta jin jiki, domin idan rijiya ta ja baya, kwatarniyar da ake cikawa daga cikinta ita ce ke fara bushewa. Bugu da ƙari, ciniki ya tashi daga tsakiyar gari ya koma manyan kantunan bayan gari, sai kantunan da ke ƙarƙashin benen suka zauna a rufe.

Amma shi gini bai san an ragu ba. Rufin da aka yi wa mutum ɗari biyar, shi ne dai zai yi yoyo a kan mutum hamsin, kuma kuɗin gyaransa ɗaya ne. Ga kuɗin inshora, ga na ɗumama ɗakuna a lokacin hunturu, ga harajin gida a jihohin da ba a yafe musu shi ba. A waɗansu jihohin ma, in aka ba mutanen waje haya don a sami kuɗin shiga, yafewar harajin da ake yi wa ginin tana iya faɗuwa. Tsofaffin da suka rage kuwa gwiwoyinsu ba sa iya hawa bene, sai an sa na'urar hawa mai tsada. Kuɗin shekara da membobi ke biya ga shi an bar shi wuri ɗaya shekara da shekaru, don tsoron kada a ƙara mutane su gudu. To, a nan ne ma'ajin uwar ƙungiya yakan buɗe littafinsa, idonsa ya faɗa kan sunan reshen mata, ya ce ashe waɗannan tun zamanin kakanninmu abin da suke biya ke nan?

HUJJAR KOWANE ƁANGARE

Uwar ƙungiya takan ce, gini namu ne, da sunanmu aka rubuta takardarsa, mu ake kamawa in ba a biya haraji ba. Kuɗin membobinmu ne ke kunna wuta a daren da ku ke taro, kuma amintattu ba su da ikon su yi kyauta da dukiyar da aka ba su amana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan magana ce mai ƙarfi, ba kuwa za a ce ƙarya suka yi ba.

Reshen mata kuma yakan ce, yaushe muka zama baƙi a gidan mazajenmu da iyayenmu? Wa ya dafa abincin da kuka yi ta ci bayan taro shekara sittin? Wa ya sayi murhun da ke madafa, da labulen tagogi, da kwanukan da ke cikin kabad? Mu muka yi ta sayar da abinci muna tara kuɗi ran da aka sake shimfiɗar zaure. Da za a yi wa guminmu kuɗi, ku ne za ku biyo mu bashi. Kuma waɗanda suka kafa gidan nan sun yi mana alkawari da bakinsu cewa ba za a taɓa karɓar haya a hannunmu ba. Wannan ita ma magana ce mai ƙarfi. Illarta ɗaya: waɗanda suka yi alkawarin suna cikin kabari, waɗanda suka ji shi da kunnensu kuma sun bi su.

Masu kula da rassan yara kuwa sukan ce, waɗannan yara ba su da ko kwabo, kuma su ne manyan gobenku. In kun kore su saboda haya, kun cinye irin da za ku shuka.

Wani abin da ke ƙara dagula al'amarin shi ne, mutum guda yakan zama memba a uwar ƙungiya, shugaba a reshe, kuma ɗan kwamitin amintattu. Ranar Litinin ya sa hannu a takardar ƙarin haya, ranar Laraba ya zauna a wancan taron ya karanta ta cikin fushi. Shi ne mai ƙara, shi ne wanda ake ƙara, shi ne kuma alƙali. Ga shi kundin dokokinsu da James Anderson ya wallafa a 1723 ya hore su da su kai saɓaninsu gaban majalisa tukuna, kada su garzaya kotu sai in babu makawa. Sai maganar ta rasa mai yanke ta, ta koma gunaguni a ɗakin cin abinci, daga nan ta bi miji da mata har gida.

WANE MA'AUNI ZA A ƊAUKA?

Ko da an yarda kowa ya biya, sauran rina a kaba, domin hanyar rabon ita kanta abin faɗa ce. Bari mu buga misali na ƙaddarawa, wanda 'yan kasuwa za su gane nan take. Mu ƙaddara gini yana cin dala 24,000 a shekara. Majalisar maza tana da mutum 120, tana zama dare 24. Reshen mata yana da mutum 60, shi ma dare 24. Reshen yara yana da mutum 20, amma yana zama dare 48.

In aka raba bisa yawan kawuna, mutum 200 ke nan, kowane kai dala 120. Maza su biya 14,400, mata 7,200, yara 2,400. In kuwa aka raba bisa yawan darare, dare 96 ke nan, kowane dare dala 250. Maza su biya 6,000, mata 6,000, yara 12,000. Ku duba da kyau: gini ɗaya, mutane ɗaya, kuɗi ɗaya, amma da aka sauya mudu sai nauyin yara ya ninka sau biyar, na maza kuwa ya ragu da fiye da rabi. Kowane ɓangare zai zo taro da mudun da ya fi masa daɗi, yana rantsuwa cewa shi adalci kawai yake nema. Mudun da ba a amince da shi ba tun hatsi na cikin buhu, da wuya a amince da shi bayan an fara awo.

Akwai kuma wani lissafin da mai fushi yakan manta. Idan reshe ya ce ƙarin ya fi ƙarfinsa, ya kwashe kayansa ya koma ɗakin taron wani coci ko ɗakin karatu na gari, inshora ba ta raguwa, haraji ba ya raguwa, rufi ba ya daina yoyo. Ɗan kuɗin wutar daren nan kaɗai za a huta da shi. Mai gida ya nemi ƙari ya rasa har ɗan abin da yake samu, an yi ba wan ba ƙanen. Shi kuma reshen da ya fita yakan tarar da cewa mai gida na waje ba ya jiran haya don zumunta.

ABIN DA YA SAMI MANYAN GIDAJE

A birnin Detroit na Jihar Michigan akwai ginin Masoniyya mafi girma a duniya. An fara shi a 1920, aka buɗe shi a 1926, da ɗakuna 1,037. An tsara shi ne don majalisu da rassa masu yawa su zauna tare, kowa yana biyan kamfanin da ke riƙe da ginin. Da jama'a suka ragu, mazauna birnin kuma suka yi ta ƙaura zuwa bayan gari, sai manyan 'yan hayarsa biyu suka tashi: Shriners suka koma Southfield, wani babban reshen da ake kira Scottish Rite ya koma Dearborn. A 2013 hukuma ta kusa ƙwace ginin saboda bashin haraji, sai wani mawaƙi ɗan garin mai suna Jack White ya biya dala 142,000, aka kuma sa wa ɗaya daga cikin zaurukan ginin sunansa. Gida mai ɗaki fiye da dubu, wanda 'yan'uwan rantsuwa suka gina, sai da wani mutum ɗaya daga waje ya fanshe shi.

A birnin Shikago kuwa akwai gidan Shriners da aka gina a 1912, mai ƙubbobi, wanda suka sa wa sunan Madina. Da ya fi ƙarfinsu suka sayar. A 2003 ya zama kantin sayar da kayan ɗaki, a 2023 kuma aka buɗe gidan caca na wucin gadi a cikinsa. Allah Ya kiyashe mu da mugun ƙarshe.

A MA'AUNIN FIƘIHU

Da za a kawo irin wannan ƙara gaban alƙali masanin mazhabar Imamu Malik, tambayar farko da zai yi ita ce, da wace ƙofa wannan reshe ya shigo gidan? Domin ƙofofin uku ne, kowace da hukuncinta.

Ƙofa ta farko ita ce haya, wadda malaman Malikiyya ke kira kira'i idan a kan gida ne ko abin hawa. Sharaɗinta shi ne a san kuɗin, a san amfanin da za a yi da wurin, a kuma san lokaci. Idan an yanka wa'adi, kamar shekara biyu, to ya lazimci kowa, mai gida ba shi da ikon ƙara kome sai wa'adi ya cika. Idan kuwa an ce kowane wata kaza ba tare da an ambaci ƙarshe ba, wannan ita ce mushahara, kowane ɓangare yana da damar warwarewa, sai dai gwargwadon abin da aka riga aka biya. Idan aka zauna a kan haya amma ƙullin ya ɓaci, kamar a ce ba a san kuɗin ba, sai a koma ga hayar da ake biya wa irin wannan wuri a garin. Game da gyara kuwa, abin da ya shahara a mazhaba shi ne ba a tilasta wa mai gida, amma in lalacewar tana cutarwa, ɗan haya yana da zaɓin ya fita.

Ƙofa ta biyu ita ce aro, watau ariya, a ba mutum amfanin wuri ba da lada ba. A wurin Malikiyya, aron da aka yanka wa lokaci ya lazimci mai bayarwa har lokacin ya cika, wanda ba a yanka wa ba kuwa ana duba abin da al'ada ta saba. Wanda ya ba da aron fili aka yi gini a kai da izininsa, sa'an nan ya so ya fitar da mai ginin tun bai ci moriyarsa ba, sai ya biya shi abin da ya kashe. A nan matan nan masu murhu da labule suna da abin riƙewa. Amma aro ba ya rikiɗa ya zama mallaka don an daɗe, kuma mai aro ba shi da ikon biyo ɗan aro hayar shekarun da suka wuce.

Ƙofa ta uku ita ce tarayya. Idan ta tabbata cewa reshen ya zuba kuɗi a ginin a matsayin mai rabo, to ba ɗan haya ba ne, abokin tarayya ne. Yana da haƙƙin a raba amfanin wurin da shi ta hanyar karɓa-karɓa, wadda malamai ke kira muhaya'a, wannan ya yi darensa, wancan ya yi nasa. Amma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski: nauyin gyara yana kansa gwargwadon rabonsa, kuma Shehu Halilu ya ambata a Muhtasar cewa abokin tarayya a abin da ba ya rabuwa, in ya ƙi yin gyara, ana hukunta masa ko dai ya gyara ko ya sayar da rabonsa.

To, jama'a, ga inda gizo ke saƙar. Reshen yana son a kira shi abokin tarayya ran da ake rabon darare, a kira shi ɗan aro ran da aka kawo takardar haraji. Uwar ƙungiya kuma tana son ta kira shi ɗa ran da ake neman mai dafa abinci, ta kira shi ɗan haya ran da asusu ya bushe. Ba a shiga gida ta ƙofa uku a lokaci guda. Kunyar zumunta ita ta hana kakanninsu su ambaci ƙofar da suka buɗe, sai jikoki suka gaji gini da bashi da gardama.

Shi ya sa aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, aya ta 282 a Suratul Baƙara, ta sauka a kan rubuta bashi da kafa shaidu. Muminai aka yi wa wannan umurni, mutanen da suka fi kowa amincewa da juna. Da rubutu zargi ne, da ba a fara umurtar Sahabbai da shi ba. Ana rubutu ne domin mantuwa da mutuwa, kuma babu zumuntar da ta tsira daga waɗannan biyu.

ABIN DA YA SHAFE MU

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma a garuruwanmu akwai masallatai masu azuzuwa, inda yara ke Islamiyya da yamma, mata ke ta'alimi da hantsi, magidanta ke ɗaukar karatu da dare. Akwai ofisoshin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da ƙananan rassa ke zama a ciki, akwai zaurukan ƙungiyoyin ma'aikata da na ci gaban gari. Galibinsu da fatar baki aka fara su, da cewa ai duk don Allah ne. Ranar da takardar kuɗin wuta ta zo, ko janareta ya nemi mai, ko iskar farkon damina ta yaye kwano, ran nan ake gane cewa kowa da irin fahimtar da ya yi wa wannan magana.

Shawararmu ga shugabannin irin waɗannan wurare ita ce su zauna tun ana ga maciji. A rubuta ƙarara wane ne mai ginin, a kuma rubuta ƙofar da kowane rukuni ya shigo ta cikinta, haya ce ko aro ko tarayya. A amince da mudun rabo, a sa lokacin da za a riƙa sake dubansa, ko da kowace shekara biyu ne. Duk abin da wani rukuni ya saya ko ya gina, a rubuta ko kyauta ce ko nasa ne, haka nan aikin ƙarfi da mata ko matasa ke yi a san matsayinsa. Idan an ga dacewar a yafe wa yara ko masu ƙaramin ƙarfi, a yafe a fili, a rubuta cewa sadaka ce, a kuma san aljihun da zai cike gurbin. Wanda yake da kujera a ɓangarori biyu ya janye bakinsa ran da ake yanka kuɗin. Idan kuwa wurin hubusi ne, watau waƙafi, to a sani cewa sharaɗin wanda ya bayar shi ne abin bi, kuma mai kula da shi ba shi da ikon ya ba da hayarsa ƙasa da farashin gari don ya faranta wa abokansa. A sa hannu, shaidu su sa nasu, kowane ɓangare ya riƙe kwafinsa.

Wanda ya ce wannan rashin yarda ne, a amsa masa da cewa harshe da haƙori ma sukan saɓa, alhali a baki ɗaya suke kwana. Takarda guda da aka rubuta ana dariya ta fi shaidu goma da za a nemo ana huci.

Allah Ya haɗa kawunanmu a kan gaskiya, Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya tsare mu daga cin haƙƙin juna.